Wa Ya Ce Silima Ba Ruwanta Da Siyasa?

Waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai sun nace wai silima nishaɗi ce kurum. To, su dubi abin da Holiwud ta yi wa Fredi Washington, 'yar wasa ruwa biyu mai hasken fata. A 1933, cikin The Emperor Jones, sai da aka duhunta mata fuska, don kada Turawan Amurka su zaci Paul Robeson yana soyayya da Baturiya. Ta yi suna a Imitation of Life a 1934. Aka ce ta rikiɗe Baturiya ta ci arziki, ta ƙi. Daga 1937 ƙofar fim ta rufe mata. Da aka sake fim ɗin a 1959, wa aka ba matsayinta? Susan Kohner, wadda ba baƙar fata ba ce. Su amsa mana!