Ra'ayinmu: Gyangyaɗin direba da sakacin hukuma a Boston

Da yammacin ranar 28 ga Mayu, 2008, gab da ƙarfe shida, lokacin da ma'aikata ke tururuwar komawa gida, wasu jiragen ƙasa biyu na cikin gari suka yi karo a Newton, kusa da birnin Boston na Amurka. Irin ƙananan jiragen nan ne masu aiki da lantarki, waɗanda a wasu unguwanni suke bi ta tsakiyar titi tare da motoci. Na gaba ya tsaya a jar danja, ya soma motsawa ke nan, sai na baya ya afka masa da gudun mil 38 a sa'a. Direbar na bayan ta rasu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta yi fiye da shekara tana nazari. Ta ce ga alama gyangyaɗi ne ya sace direbar na ɗan lokaci, mai yiwuwa saboda larurar toshewar numfashi cikin barci da ba a taɓa gano tana da ita ba. Amma hukumar ba ta tsaya kan mamaciya ba. Ta ce da layin yana da na'urar da ke taka wa jirgi birki da kanta idan direba ya wuce danja ko ya zarce gudu, da haɗarin bai auku ba, kuma ta shawarci hukumar sufurin birnin, MBTA, da ta girka ta.

Kafin ma a fitar da wannan rahoto, a watan Mayun 2009, wani direban ya yi karo da jirgin da ke gabansa a cikin rami, kusa da tashar Government Center, yana tsaka da rubuta saƙo a waya. Mutane 68 suka jikkata. MBTA ta haramta wa direbobi riƙe waya a bakin aiki, matakin da ya dace, kuma mai arha. Na'urar birki kuwa shiru. Ranar 30 ga Yuli, 2021, da misalin ƙarfe shida na yamma, aka sake yin karo a titin Commonwealth, inda jirgi ya yi gudun mil 31 a wurin da aka ƙayyade mil 10. Mutane 27 aka kai asibiti. NTSB ta sake faɗin abin da ta faɗa tun 2009.

Adalci shi ne a saurari MBTA ita ma, domin uzurinta ba na banza ba ne. Layin da duk waɗannan haɗurra suka auku a kansa, wanda ake kira Green Line, tsoho ne tukuf. Ramin da yake bi a ƙarƙashin titin Tremont an buɗe shi tun 1897, shi ne na farko a Amurka. Rassa da yawa ne ke haɗuwa su kwarara cikin rami ɗaya, jirgi na bin jirgi kusa da kusa. Na'urar da za ta tilasta tazara tsakaninsu na iya rage yawan jiragen da ke wucewa a sa'a, kuma a lokacin cunkoso ne za a fi jin zafin hakan. Fasinjan da ya gaji da jira zai koma motarsa, alhali titin mota ya fi layin dogo cin rayuka nesa ba kusa ba. Ga kuma bashi da ya yi wa hukumar katutu, ga tsofaffin gadoji da layuka da kowanne ke jiran gyara. Sannan ba za a wanke direbobi tas ba. Wanda ya ɗauki ɗaruruwan mutane yana latsa waya ya ci amana, ba wata na'ura da za ta sauke masa wannan nauyi.

Duk da haka mu a ganinmu, waɗannan dalilai suna iya bayyana jinkirin shekara biyu ko uku. Ba za su iya bayyana na fiye da shekara goma ba. Sai a 2020 aka ba da kwangilar girka na'urar. Bayan karon 2021 aka yi alkawarin kammalawa a 2023, daga baya aka ɗage zuwa 2025, a 2024 kuma aka raba gari da ɗan kwangilar aka nemi wani. Cikin wannan jan ƙafa, a watan Oktoban 2024, wani jirgi ya sauka daga kan dogo kusa da tashar Lechmere, nan ma saboda gudu fiye da ƙima. Sauran manyan layukan birnin, a hannun hukumar nan dai, sun daɗe da irin wannan kariya, don haka ba za a ce ba a san amfaninta ba.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Duk lokacin da aka yi karo, sunan direba ne ke fitowa a jarida, wani lokaci har gaban kotu. Waɗanda suka zauna a ofis suka mayar da shawarar NTSB ƙarshen layi, shekara bayan shekara, ba wanda ya san fuskarsu. Alhali kowa ya san ɗan Adam yana gajiya, yana yin barci, hankalinsa yana tafiya wani wuri, musamman a ƙarshen yini mai tsawo. Tsarin da ya jingina rayukan fasinjoji kan cewa direba ba zai taɓa kuskure ba, tun daga tushe ya gaza.

Hukuncinmu shi ne: direbobin nan suna da nasu kason, amma kaso mafi tsoka na MBTA ne da 'yan siyasar jihar Massachusetts da ke riƙe da lalitarta. Idan na'urar za ta sa fasinja ya ƙara minti biyu a tasha, a gaya masa gaskiya ya ƙara. Kuma duk shawarar da masu binciken haɗari suka bayar, a ɗaura mata wa'adi a doka, a kuma bayyana sunan jami'in da zai amsa tambaya idan wa'adin ya wuce.