Wasiƙa ga mahaya keke na Makarfi, Ikara da Kudan, kafin tafiyar kaka



Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar keke ta dawo a yankinmu. Da ku nake, masu dakon rake da buhunan masara zuwa kasuwar Makarfi ta ranar Laraba, da ku samari masu keke mai giya, waɗanda ke marmarin zuwa dutsen Kufena a Zariya, ko ma su bi ta Pambeguwa da Saminaka su haura tudun Jos. Maganata ɗaya ce: hanyar da kuka sani kafin damina ba ita za ku tarar a watan Oktoba ba.

Ruwa ya ɗauke a sama, amma bai gama aikinsa a ƙasa ba. Burtalin da kuke bi da bazara, zaizaya ta cinye gefensa, ciyawa kuma ta rufe ramin. A fadamun rake na Kudan da Hunƙuyi, laka kan bushe a sama alhali ƙasanta ɗanye ne. Tayar gaba na nutsewa, sai mutum ya wuntsila ta kan keke, kayan su biyo shi. Inda duk kuka ga ƙasa ta yi baƙi ta tsattsage, ku sauka ku tura. Saukar ba abin kunya ba ce. Sai dai ku dubi inda kuke taka ƙafa, domin lokacin girbi kububuwa da kasa suna kwance a ciyawar bakin hanya. Silifas ba takalmin wannan tafiya ba ne. Wanda maciji ya sara, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya tsaga wurin ko tsotsa.

Sai birki, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali. Yashi da lakar damina suna cinye robar birki, mai keke bai ankara ba, tunda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu kusan kowane birki yana tsayar da mutum. A gangara asiri ke tonuwa. Keke ɗauke da damin rake, ko jakar tafiya mai nauyi a kariya, yana buƙatar tazara mai yawa kafin ya tsaya, in kuma taya ta jiƙe a rafi, birkin ba ya kamawa sai ta bushe. Ku kai wa mai gyara ya sake roba, ya duba waya, ya ɗaure sifok, ya wanke sarƙa ya sa mata mai. A doguwar gangara a riƙa matsa birkin gaba da na baya tare, ana sassautawa ana sake kamawa. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai da ƙarfi, ƙasa zai sha.

Tsidau ya bushe yanzu, ƙayarsa kuma ba ta raga wa taya. Kada a fita babu famfo, da faci, da sholisho, da sifana.

Da hunturu ya kama, haɗarin sai ya sauya kama. Iska na busar da gumi nan take, mutum bai san jikinsa na ƙarar da ruwa ba sai jiri ya ɗebe shi. Ku sha tun ƙishi bai zo ba. Masu nufin Jos, ku sani garin ya haura mita 1,200 a kan teku, sanyin asubarsa a Disamba na sandarar da yatsun da za su matsa birki. Wanda kuma bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, don Allah ya ɗage tafiyar.

Hazo ma abin tsoro ne a babban titin Zariya zuwa Kano. Direban tirela a wajejen Tashar Yari ba zai hango mai baƙar riga a kan keke ba sai ya zo daf da shi. Ku sa tufa mai haske, ku ɗaura fitila a baya.

A Nuwamba, ƙarfe shida na yi rana ta faɗi. Halin tsaro kuwa kun san shi. Ku tambayi mutanen gari labarin hanyar gaba kafin ku wuce, ku faɗa wa na gida inda za ku kwana, ku tafi ku biyu ko uku. In La'asar ta yi zangonku da sauran nisa, ku nemi gidan mai unguwa a ƙauyen da kuke, ku kwana nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Makarfi