Ghana Na Haifar Masu Zane, Amma Ba Ta Gina Musu Zaure Ba

A ranar 5 ga Maris 1957, jajibirin samun 'yancin kan Ghana, aka buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa a titin Barnes da ke unguwar Adabraka a Accra. Gida ne mai daraja, ya tara kayan da aka tono daga ƙasa, da kujerun sarauta, da saƙar kente. Sai dai har yau gwamnati ba ta keɓe wani zaure kacokan domin saye da adana ayyukan masu zane da masu sassaƙa 'yan ƙasa ba. Wannan abin kunya ne, kuma talaka ne ke ɗaukar asararsa.

Ƙasar ba ta rasa gwanaye ba. El Anatsui, wanda ke ɗinke marafan kwalabe su zama kamar ƙaton mayafi, ya karɓi babbar lambar yabo a bikin baje kolin Venice a 2015, kuma a 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. A 2019 Ghana ta kafa rumfarta ta farko a Venice, inda aka nuna ayyukan mutum shida, ciki har da Ibrahim Mahama da Felicia Abban. Turawa sun sha kallo. Yaron Nima ko na Maamobi kuwa sai dai ya gani a waya.

Masu kare gwamnati za su ce ai akwai Artists Alliance da Ablade Glover ya kafa, akwai kuma Gallery 1957. Gaskiya ne, sun yi ƙoƙari. Amma waɗannan wurare ne na masu zaman kansu da ke sayar da zane, kuma abin da aka sayar yakan bi mai kuɗi zuwa ƙetare. Gallery 1957 ma a otal ɗin Kempinski ta fara, wurin da ɗan Zango ba zai shiga da silifa cikin sakin jiki ba. Wasu kuma za su ce asibiti da makaranta sun fi gaggawa. To ai zauren zane shi ma makaranta ne, domin a nan ɗalibi ke ganin aikin hannun magabatansa ido da ido.

Mahama bai jira kowa ba, ya buɗe cibiyar zane a Tamale a 2019. Matasan Nima su ma sun mai da bangon unguwa allonsu, irin su Moh Awudu. Amma ruwan sama da rana ba sa barin fenti a bango, kuma abin da ba a adana ba ya tafi ke nan.

Saboda haka wajibi ne a kafa zaure na al'umma a tsakiyar Accra, shiga kyauta ga 'yan makaranta, da kasafin sayen ayyuka duk shekara. A kuma tabbatar masu zanen Zango, da masu zayyanar allo da masu aikin wuyan riga, sun sami bango a cikinsa. Kowace shekarar da aka ƙara ana jinkiri, wani aikin na barin ƙasar, kuma da wuya ya dawo.