Ƙwallon da Ke Mirginawa a Bakin Ɗalibai

Da wuya a yi muhawara ko taron ƙungiya a makarantunmu na sakandare ba a ji wani ya miƙe ya ce "let us set the ball rolling" ba. Maganar tana da daɗin ji, amma da yawa daga cikinmu haddace ta kawai muka yi daga jerin salon magana na littattafan shirin jarrabawa. A ganinmu wannan hadda ba ta wadatar ba.

Ma'anarta ita ce a fara wani abu, amma ba kowane abu ba. Mu dubi hoton da ke cikinta. Ƙwallo idan aka tura shi, tafiya yake yi har wani ya karɓa. Don haka ana faɗar ta ne a kan aikin da mutum ɗaya zai soma, sauran su ɗora, kamar tattaunawa, ko ƙaddamar da gidauniya inda babban baƙo zai fara ba da gudummawa. Wanda zai ci tuwonsa shi kaɗai ba shi da ƙwallon turawa. Haka kuma ba ta dace da takardar neman aiki ba, domin magana ce ta baki.

Ana iya sa "get" ko "start" a gurbin "set", ma'ana ba ta canja ba. Amma da zarar an sa "keep", magana ta koma a ci gaba da abin da aka riga aka fara. Ana cewa wannan ta biyun ta yaɗu ne a zaɓen Amurka na 1840, lokacin da magoya bayan William Henry Harrison suka riƙa mirgina wani ƙaton ƙwallo daga gari zuwa gari. Ya ci zaɓen kuwa, sai dai wata guda kacal ya yi a kan mulki ya rasu.

Irin wannan ɗan bambanci ne masu tsara jarrabawar WAEC ke ɗana wa ɗalibi tarko da shi, ga shi kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Roƙonmu ga malamanmu shi ne su riƙa jera mana irin wannan magana da tamu ta gida. Ɗalibin da ya san bambancin "share fage" da "aza harsashi" ba zai sha wahalar rarrabe "set" da "keep" ba.