Mu Fara Ganin Namu: Matsirga, Duwatsun Kagoro da Nok

A kowace shekara makarantu da yawa a Jihar Kaduna sukan tara kuɗi su kai ɗalibansu yawon buɗe ido. Idan ka tambayi inda za a je, amsar ba ta wuce Abuja ko Jos, ko kuwa gandun namun daji na Yankari idan aljihu ya yi nauyi. Ban ga laifin wannan ba. Abin da ke damuna shi ne, sai ka sami yaro haifaffen Kafanchan wanda ya ga Dutsen Zuma da idonsa, amma bai taɓa taka ƙafarsa a Matsirga ba, alhali kuwa tana nan a bayan gidansu. Na taɓa tambayar wani aji da nake koyarwa ko su wa suka taɓa zuwa wurin. Hannuwan da aka ɗaga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. A ra'ayina wannan kuskure ne, kuma gyara shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Matsirga magangarar ruwa ce da ke kusa da Madakiya, 'yar tafiya kaɗan daga garin Kafanchan. Ruwan yana tahowa ne daga wajen duwatsun Kagoro, ya ratsa gonaki, sa'an nan ya zubo daga kan wani faffaɗan dutse mai tsawon kimanin mita 25 ko fiye, ya faɗa cikin wani gurbi mai zurfi. Da damina tun daga nesa za ka ji rugugin ruwan. Idan ka matso, feshinsa zai jiƙa maka riga, kuma in rana ta haska shi sai ka ga bakan gizo a gabanka, ba a sama ba. Malamin kimiyya yana iya shafe mako guda yana bayanin yadda haske ke rabuwa launi-launi idan ya ratsa ɗigon ruwa, ɗalibai suna gyaɗa kai ba tare da sun gane ba. A Matsirga minti biyar sun isa. Ba banza Hausawa suka ce gani ya kori ji ba.

Daga nan kuma idan ka ɗaga kai za ka hango duwatsun Kagoro, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,200 daga bakin teku. Su ne gefen tsaunukan Filato ta wajen yamma. A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin waɗannan duwatsu su ne tushen kusan duk abin da ake yabawa a wannan yanki. Iskar damina tana tasowa daga teku, daga kudu maso yamma, ɗauke da laima. Idan ta iso ta ci karo da duwatsu, dole ta hau sama. Tana hawa tana yin sanyi, sai laimar ta zama gajimare, gajimaren ya zama ruwan sama. Shi ya sa Kagoro da Kafanchan suke samun ruwa fiye da Zariya ko Kano, shi ya sa kuma ake ganin kurmi mai duhu a nan, irin wanda aka saba gani a kudancin ƙasar nan. Dajin Nindam da ke kusa da Kagoro ya yi suna a wurin masu nazarin tsuntsaye saboda wannan dalili. Ruwan da ke raya doya da citta a gonakin kudancin Kaduna, da wanda ke zubowa a Matsirga, duk labarinsu ɗaya ne.

Mutanen Kagoro, waɗanda ke kiran kansu Agworok, sun zauna a kan duwatsun nan da gindinsu tun kaka da kakanni, kuma duwatsun sun zama musu mafaka a zamanin yaƙe-yaƙe. Har yau a ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara suna yin bikin Afan, inda maharba da makaɗa da masu rawa ke cika garin. Mutane sukan zo daga nesa su yi kallo. Sai dai da yawansu sukan koma da yamma ba tare da sun hau dutsen ba, balle su tambayi abin da ya haɗa bikin da shi.

Sai kuma Nok, a ƙasar Jaba, ba nisa da Kwoi. Ƙauye ne kamar sauran ƙauyuka, da duwatsu da kogunan dutse kewaye da shi, amma sunansa ya zagaya duniya. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a can. A 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg, wani jami'in Turawan mulki mai ilimin kayan tarihi, wani kan mutum na yumɓu da aka samu a yankin Jama'a. Kafin a kai masa, an kafa kan ne a gonar doya yana korar ɓarna. Fagg ya lura cewa kan ya yi kama da wanda aka samu a Nok, daga nan aka fara kiran wannan tsohuwar al'umma da sunan ƙauyen. Masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus, waɗanda suka yi shekaru suna bincike tun daga 2005, sun nuna cewa farkon al'ummar ya kai kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma daga baya mutanenta sun iya narka ƙarfe. Yau ana ajiye da kayan Nok a gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, da wasu gidajen a Turai da Amurka. Da yawa daga cikin waɗanda ke waje kuwa sato su aka yi, bayan an farfasa ƙasa da dare an sayar wa dillalai.

To, ga tambayar da ta dace a yi: wa zai hana a sake yin haka? Ba na jin ɗan sanda ko doka kaɗai za su iya. Mutumin da bai san darajar abin da ke ƙarƙashin gonarsa ba, duk wanda ya zo da 'yan kuɗi zai saye shi a arha. Haka abin yake ga itatuwan da ke kan duwatsu. Duk mai bin hanyoyin kudancin Kaduna ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motocin da za su kai su birni. Ba zan zargi talakan da ke neman abincin 'ya'yansa ba. Amma idan aka sare itatuwan, ruwan sama ba ya samun abin da zai riƙe shi ya nutse a hankali. Sai ya kwarara gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa mai kyau, idanun ruwa kuma su ƙafe tun kafin rani ya yi nisa. Matsirga da ba ta da ruwa, dutse ne kawai. Yaron da ya tsaya a gindinta yana shekara 14, aka nuna masa inda ruwan ya fito, zai fi saurin fahimtar wannan idan ya zama manomi ko kansila ko hakimi.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, za a ce babu tsaro. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Yankin ya sha fama da rikice-rikice da hare-hare, an rasa rayuka, kuma babu shugaban makarantar da zai ɗauki 'ya'yan mutane ya kai su inda hankalinsa bai kwanta ba. Amma kudancin Kaduna ƙasa ce mai faɗi, halin wani wuri ba shi ne halin wani ba, na bana kuma ba lalle ya zama na baɗi ba. Abin da ya kamata shi ne a tuntuɓi masu unguwa da jami'an tsaro kafin a tashi, a tafi da safe a dawo da rana tsaka, in an ce a dakata a dakata. Daina zuwa gaba ɗaya yana da tasa illar. Wurin da ƙafa ta daina takawa, ciyawa ce ke cinye hanyarsa, kuma ɓata-gari sun fi son irin wannan wuri. Ban da haka, yaran Kafanchan Kirista da Musulmi ba su da wurare da yawa da za su tsaya kafaɗa da kafaɗa su ce wannan namu ne mu duka. Matsirga tana ɗaya daga cikinsu.

Na biyu, za a ce sai gwamnati ta gyara wuraren tukuna, ta gina masaukin baƙi da wuraren shaƙatawa. A nan ne na fi saɓawa da mutane. An daɗe ana jiran manyan gine-gine, kuma garin Kafanchan kansa ya san ɗacin dogara ga abu guda babba. Layin dogo ne ya raya shi tun daga 1927, lokacin da ya zama mahaɗar jiragen ƙasa masu zuwa Jos da Kaduna da Fatakwal. Da jiragen suka daina zuwa yadda aka saba, kasuwanci da yawa suka bi su. Abin da Matsirga ke bukata ya fi otal sauƙi ƙwarai: hanyar da mota za ta bi da damina, matakala mai ƙarfi da abin dafawa, makewayi, kwandon zuba leda da robobi, da matasa biyu ko uku 'yan ƙauyen da aka koya musu tarihin wurin domin su riƙa yi wa baƙi jagora. Kuɗin shiga kaɗan zai biya su, muddin kuɗin ya tsaya a hannun al'ummar da ke wurin. Kuma baƙo daga Legas ko Ingila ba zai zo inda 'yan gida ba sa zuwa ba.

Akwai sauran wurare da ban tsaya a kansu ba: gandun itatuwan katako na Nimbia a kan hanyar Jos, da babban tafkin da madatsar ruwa ta Gurara ta tara, wanda daga cikinsa ake tura ruwa ta bututu zuwa Abuja. Ina mamakin yawan mazauna Abuja da ke shan ruwan kudancin Kaduna ba tare da sun sani ba.

Ga malamin da ya yarda da ni, shawarata ita ce ya zaɓi watan Oktoba ko farkon Nuwamba. A lokacin ruwan sama ya ja baya, hanya ta bushe, amma Matsirga tana nan da ƙarfinta, duwatsu kuma ba su riga sun sauya daga kore zuwa ruwan ƙasa ba. Ya je ya gai da mai unguwa kafin ya shiga da yara. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi da fensir, ya rubuto sunan wurin da harshen mutanen da ke zaune a can, da sunayen itatuwa biyar da ya gani. Kada kuma a bar kowa ya shiga gurbin ruwan da sunan iyo, ko da ya rantse cewa a bakin kogi aka haife shi, domin duwatsun suna da santsi, gurbin kuma ya fi yadda ido ke gani zurfi.