Ƙara Daban, Murya Daban: Zuwa Ga Masu Cire Toshiyar Salansa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya fito daga lakca. Ba zan kira sunan kowa ba, amma wanda ya tsargu, to da shi nake.

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, ina ɗakin karatu na hostal ɗinmu na 'yan digiri na biyu, ina fama da babi na huɗu wanda sufabaiza ya dawo min da shi har sau biyu. Sai wani bawan Allah ya tayar da babur a bakin get. Da ya tayar ya wuce, da babu magana. A'a, sai da ya tsaya ya murɗa totur sau shida, har ƙararrawar motoci biyu ta ɗauka. Abokin karatuna da ke zaune da iyalinsa a gidajen da ke bayanmu ya ce min jaririyarsu ba ta koma barci ba sai bayan asuba, shi kuma yana da semina ƙarfe tara. Ranar Alhamis muka tarar da takarda a allon sanarwa: idan aka sake, za a hana babura shiga harabar makaranta. Babura aka rubuta, ba a ce manya ko ƙanana ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar dattijuwar da ke kula da ƙofar hostal. Cikin mutunci ta kira ni gefe ta ce, "Malam, ka ja wa 'yan uwanka kunne." Na buɗe baki zan ce Mama, ai ba mu kaɗai ke da manyan babura a makarantar nan ba, sai na yi shiru, domin na san salansar wane ce ta yi wannan ihun. Namu ne. A sahu ɗaya muke sallar Juma'a.

Kafin wani ya ce hassada ce, ku sani ni ma mahayi ne. Ina da Honda VFR800 ta hannu, wadda na saya bayan shekara uku ina aiki ina tara kuɗi. Da ita nake zuwa ƙauyukan da nake tattara bayanan bincikena, da ita nake zuwa Sabo cin tuwo idan kewar gida ta dame ni. Wata biyu ke nan ina neman sabuwar salansa, domin tawa ta ci tsatsa, kuma wallahi ni ma so nake muryar ta ƙara kauri. Ba na jin kunyar faɗa. Wanda bai taɓa jin gurnanin babban inji a ƙirjinsa da sassafe a kan buɗaɗɗiyar hanya ba, ba zai gane ba. Rigimata da ku ɗaya ce: kun ɗauki ƙara kun kira ta murya.

Duk wanda ya tashi a garin da ke da fada ya san bambancin tambari da gwangwani. Tambari ba ya tsaga kunne, a ciki ake jin sa, saboda yana da babban ciki. Yaro kuwa idan ya samu gwangwanin madara da ƙusa, unguwa ba ta zama lafiya, amma ba wanda zai ce kiɗa yake yi. Salansa ma haka take. Kaurin murya daga wurare huɗu yake fitowa, kuma cire toshiya ba ya cikinsu.

Na farko shi ne injin kansa. Injin da ke da silinda huɗu a jere, irin na Kawasaki Ninja 1000SX ko Yamaha FJR1300, bugunsa a daidaice yake, tazara iri ɗaya, shi ya sa idan ya hau sama yake siririn kuka. Injin da silindojinsa suke a siffar V, irin na Suzuki V-Strom 650 ko VFR ɗina, bugunsa ba a daidaice yake ba, daga nan gurnanin yake zuwa. Yamaha Tracer 7 silinda biyu ce a jere, amma an karkata sandar injin da digiri 270 don ta yi bugu irin na V. Ma'ana, ɗan uwa, idan injinka mai huɗu a jere ne, duk salansar da za ka saya a duniya ba za ta mayar da shi V ba. Za ta iya tausasa muryar, ba za ta canza maƙogwaron ba.

Na biyu girman tulun salansar. Dogon tulu mai faɗin ciki yana haɗiye siraran sautuka ya bar masu kauri su wuce. Wannan guntuwar da bai fi tsawon tafin hannu ba, wadda kuke yayi saboda kun gan ta a tseren MotoGP, aikinta akasin haka ne. Na uku audugar gilashin da ke naɗe a cikin tulun. Ita ce ke shanye kaifin sauti, kuma tana ƙonewa da tafiya, shi ya sa salansar da ta yi daɗi bara za ka ji ta koma kamar ana buga kwano bana. Ba sai ka sayi sabuwa ba, a buɗe a sake cusa mata auduga. Na huɗu toshiyar nan da kuke cirewa da sukundireba tun ranar farko. Da ita aka auna salansar a masana'anta. Idan ka cire, abin da ya fi ƙaruwa shi ne tsagin da fashe-fashen, ba kaurin ba.

Yanzu bari mu zo kan hujjojinku, domin na sha jin su a wurin mai shayi.

Wai tana ƙara ƙarfi. Haba Malam. Salansar wutsiya, wadda ake zare tsohuwa a zura sabuwa, abin da take ƙarawa ɗan kaɗan ne, a kan titin makaranta mai tudun rage gudu kowane taku hamsin ba za ka taɓa jin sa ba. Amfaninta na gaskiya rage nauyi ne da sauya murya. Idan kuwa cikakken saiti ka sa tun daga bakin injin, ka fitar da katalis, wanda makanikan nan suke kira indomi, to ka canza yadda injin yake numfashi. Sai an sake saita kwamfutar injin ta daidaita mai da iska. In ba a yi ba, mai yana iya yin kaɗan, injin ya riƙa zafi, ya riƙa tari idan ka saki totur. Wannan tas-tas ɗin da kuke ɗauka a bidiyo kuna sa wa alamar wuta, a wasu baburan alamar rashin saiti ce. A cikinku wa ya kai nasa aka saita? Ku faɗa min a ƙasa.

Wai ƙara tana ceton rai, direba zai ji ka. Bakin salansa baya yake kallo. Haɗarin kuma daga gaba yake zuwa. Binciken Hurt da aka fitar a Amurka a 1981, wanda har yau ake kafa hujja da shi a kan haɗarin babur, ya gano fiye da kashi uku cikin huɗu na abubuwan da ke jawo haɗari suna gaban mahayi ne, cikin digiri 45 dama ko hagu. Direban da ya rufe gilashi, ya kunna na'urar sanyi da waƙa, yana shirin shan kwana a gabanka, sai ka iso gefensa zai ji ka. Wanda yake jin ka sosai shi ne wanda ka bari a baya, yana kan gadonsa. In da gaske ranka kake so, sayi hular kwano ta kirki, gyara fitila, sa ham mai ƙarfi, koyi taka birki. Abin mamaki, mai cewa salansa za ta cece shi, shi ne za ka gani da hula zanna da silifas a kan babur mai gudun tsiya.

Wai kuɗina ne, babur ɗina ne. Gaskiya ne. Amma kunnen mutane ba naka ba ne. Ma'aunin ƙara desibel ne, kuma ba kamar mudu yake ba: ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu. Ka lissafa da kanka abin da kake yi wa kunnenka a doguwar tafiya.

A nan zan tona wa kaina asiri. Shekarar da na sayi babur ɗin, na ari wata guntuwar salansa mara toshiya na yi tafiyar gida da ita. Awa biyun farko ji nake kamar ni ne sarkin hanya. Kafin in kai Jebba kaina ya fara sarawa. Akwai wani gunji da ke zama a kunne idan ka riƙe gudu ɗaya na tsawon lokaci, ba ya tashi ba ya sauka, kamar injin niƙa a cikin hularka. Na isa gida, Hajiyarmu tana min sannu da zuwa ina cewa "Na'am?" Kwana biyu kunnena yana shuuu. Baburanmu na doguwar tafiya ne. Salansar da ba za ka iya zama da ita awa shida ba, ba ta dace da su ba, ko sunan wa aka rubuta a jikinta.

Maganar suna kuma, mu daina yaudarar juna. Akrapovič ta Sulobeniya, Yoshimura ta Japan, Arrow da LeoVince na Italiya, kowanne yana ƙera salansa ne don takamaiman babur. Ta gaske, ko ta hannu ce, kuɗinta ya fi kuɗin rajistata ta bana. Wadda aka ce maka tana shiga kowane babur, aka ba ka sitika uku ka zaɓi wadda za ka manna, bututu ne kawai. Araha ba ta ado.

Amma duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne kalmar nan "babura" a takardar sanarwa. Hukuma ba ta da lokacin tantance mai laifi da mara laifi. A Legas, ranar 1 ga Yuni 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, a watan Satumba aka ƙara huɗu. Na sani ba ƙara ce dalili ba, haɗari da tsaro aka ambata, amma wa ya tsaya ya ware mai bin doka? Kowa aka haɗa, kuma mun san 'yan ina ne suka fi shan wahala. A yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, a 2020 aka hana duk babur da ƙararsa a tsaye ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyin duwatsu a lokacin zafi, har da waɗanda masu su ba su taɓa salansar ba tun daga kamfani. A nan gida ma hukumar NESREA tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009. Don ba a cika aiki da ita ba, ba yana nufin babu ita ba.

Idan aka rufe get ɗin nan, ni da kai za mu yi fakin a waje mu yi ƙorafi a Facebook. 'Yan uwanmu masu Bajaj da ke ɗaukar ɗalibai daga get zuwa sassa, waɗanda da wannan ɗari biyu ɗari ukun suke aika wa iyali kuɗi gida, su ne za su rasa abinci. Ba su murɗa totur ƙarfe ɗaya na dare ba. A garin da ba naka ba, wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ba sunanka za a kira ba, "Malam" za a ce.

Zan yi adalci a kan abu ɗaya, domin wani zai jefe ni da shi. Sauti mai kauri ya fi siriri ratsa bango. Haka ne. Don haka ko salansata ta yi murya kamar tambari, ba ni da izinin tayar da ita a gindin tagar mutane. Idan na dawo bayan sha ɗaya, daga kwanar masallaci nake kashewa in tura. Nauyinta ya haura kilo 200, ina haki nake isa, amma ban mutu ba.

Ga abin da na yanke wa kaina, wanda yake so ya ɗauka. Salansar wutsiya zan saya, mai dogon tulu, wadda aka ƙera don VFR. Katalis yana nan, toshiya tana nan. Ba zan yarda da bidiyo ba, domin lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, sai na ji ta a jikin babur da kunnena. Baburan da suka fito daga Turai suna da ɗan faranti a jikin firam wanda aka rubuta desibel ɗinsu da adadin juyin injin da aka auna. Ka duba naka. Ana aunawa ne rabin mita daga bakin salansa, a karkace. Manhajar waya ba ta kai na'urar gaske ba, amma za ta nuna maka ko ka yi nisa.

Ranar Asabar bayan la'asar ina filin fakin na bayan hostal da sukundireba da wayata. Duk wanda toshiyarsa take cikin akwati ya zo da ita mu mayar, shayi a kaina. Daga nan mu je tare wurin shugaban masu gadi kafin takarda ta biyu ta fito. Kai kuma ɗan uwana na daren Talata, ban faɗa wa kowa sunanka ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma akwai mai jego a bayan hostal da ya kamata ka je ka ba wa haƙuri.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa mu gama karatun nan lafiya.