Kafin ka ce Linux wahala ce, fara duba awon kanel ɗinka 🧵

1/ Jama'a ku matso. Satin nan mutum uku sun turo mini hoton allo, ɗaya daga Anka, biyu daga nan Gummi. Duk matsala ɗaya: sun sa Kali ko Ubuntu a laptop, sun sayi 'yar USB ta WiFi, direba ya ƙi hawa. Duk ukun kuma da magana ɗaya suka rufe: "Linux ɗin nan wahala ce." Ni dai ban yarda ba.

2/ Ba gori nake ba, ni ma na sha. Lokacin da na fara, wani abokina ya sayo mini 'yar USB daga Sakkwato. Na kalli bidiyo a YouTube, na kwafe umarni kamar aku. Na je kernel.org na sauke lambobin kanel gaba ɗaya, sama da MB 100, da datar da na yi tanadin sati.

3/ Na haɗa direba, ya haɗu lafiya lau. Na zo lodawa, sai allo ya ce: Invalid module format. Dare uku ina abu ɗaya. Kullum in kai laptop shagon caji, in dawo in sake. Ashe ba laifin USB ba ne, ba na Linux ba. Ni ne na ɗinka riga da awon wani.

4/ Bari mu warware. Kanel shi ne zuciyar Linux, shi ke magana da kayan cikin kwamfuta: allo, batir, WiFi, komai. Linus Torvalds ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Modul kuma guntun lamba ne da ake cusa wa kanel yana cikin aiki. Shi ne fayil mai .ko a ƙarshe.

5/ Yawancin direbobi tare da kanel suke zuwa, shi ya sa kana sa linzami yake kama aiki. Wasu kuwa daban ake raba su: na NVIDIA, na VirtualBox, da na wasu 'yan USB na WiFi da ake ɗaukowa a GitHub. Waɗannan a kan kwamfutarka ake ɗinka su.

6/ Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san tela ba ya yanka yadi sai da awo. In ka ba shi awon yayanka, ɗinki zai fito tsaf, sai dai ba zai shige ka ba. Haka modul yake. Yana iya haɗuwa ba kuskure ko ɗaya, kanel ya ce bai san shi ba.

7/ Dalili: ana buga wa kowane modul hatimi mai suna vermagic, da cikakken sunan kanel ɗin da aka haɗa shi dominsa. In hatimin bai yi daidai da kanel mai aiki ba, a ƙofa za a tsayar da shi. Duba da kanka:
uname -r
modinfo sunan-fayil.ko
Kwatanta su harafi da harafi.

8/ Kuskurena ke nan. Na ga lamba ta yi kama, na ɗauka shi ke nan. Amma Ubuntu da Debian da Kali kowa da gyare-gyarensa da saitinsa a kan kanel ɗin asali. Fayil ɗin .config daban, Module.symvers daban. Suna ɗaya ba ya sa mutum biyu su zama ɗaya, Sani nawa ne a unguwarku?

9/ Abin da kake buƙata ƙarami ne, ba duka lambobin ba:
sudo apt install linux-headers-$(uname -r)
Wannan ne awon kanel ɗinka. Sai ka tabbatar /lib/modules/$(uname -r)/build yana nan, kuma yana nuni ga wurin da ya dace.

10/ Sannan a cikin jakar direban:
make -C /lib/modules/$(uname -r)/build M=$PWD modules
Wato: je wurin awon kanel ɗina, ka ɗinka abin da ke nan. Yawancin Makefile haka suke yi a ɓoye. Buɗe shi ka karanta kafin ka danna, minti biyu ne.

11/ 'Yan Kali, ga ramin da kuke faɗawa. Kali kullum gaba take yi. Ka sa ta daga tsohon filashi, ka nemi linux-headers, a ce babu, domin an kwashe na tsohon kanel daga rumbu. Ka sabunta, ka KASHE KA KUNNA, ka sake duba uname -r, sannan ka nema. Rashin sake kunnawar nan ya cinye datar mutane da yawa.

12/ Wani zai ce: "A Windows ai direba ɗaya na shekaru yana aiki." Gaskiya ne, ban musa ba. Masu kanel da gangan suka ƙi alkawarin cewa cikinsa zai tsaya cak. Greg Kroah-Hartman ya rubuta takarda a kai, stable-api-nonsense, tana cikin lambobin kanel. Hujjarsu: a bar su su gyara kuskure, mai direba ya kawo shi ciki a kula da shi tare.

13/ Na fahimci hujjar, amma in faɗi gaskiya mu muke biyan kuɗinta. Wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa ba zai ji komai ba. Mu da muke lissafin kowace MB, musamman bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince a Janairun 2025, kowane sabon kanel kuɗi ne. Sai dai fushi ba ya loda direba. Dabara ke yi.

14/ Dabara ta farko: DKMS. Injiniyoyin Dell suka fito da shi a 2003. Kana rajistar direba sau ɗaya, duk sanda sabon kanel ya shigo ya sake ɗinka shi da kansa. Amma sai da awo: sa linux-headers-generic a Ubuntu, ko linux-headers-amd64 a Debian da Kali.

15/ Ta biyu: ajiya. Mu 'yan Zamfara ba sai an ba mu labari ba, a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya. Ranar da kake da sabis, adana fayilolin .deb na awon kanel da lambobin direba a filashi. Kuma kada ka goge tsohon kanel sai sabon ya nuna yana aiki.

16/ Ta uku, wadda ta fi: tambaya kafin saye. Sunan kan kwali ba shi ne magana ba, guntun da ke ciki ne. Sa ta a laptop a gaban mai shago, ka buga lsusb. Misali mai Atheros AR9271 direbanta ath9k_htc na cikin kanel tuni, ba ruwanka da ɗinki.

17/ Roƙona ɗaya don Allah: ku daina karɓar .ko a guruf ɗin WhatsApp. Da wuya ya dace da kanel ɗinka. In ma ya hau, modul ba manhaja ba ce, a zuciyar kwamfuta yake zama, yana iya ganin duk abin da ka buga har lambar sirrin banki. Kana koyon tsaron intanet, ka miƙa wa baƙo makullin gida?

18/ Haka masu cewa a tilasta da --force-vermagic. Hatimin nan mai gadi ne. Ka kore shi, kwamfuta na iya sandarewa tsakiyar aiki, aikinka ya bi ruwa.

19/ In abu ya ƙi, buga sudo dmesg ka karanta layukan ƙarshe, kanel na faɗin abin da ke damunsa. Mai neman taimako ya turo abu uku: uname -r, lsusb, da cikakken saƙon kuskure. Kada a turo mini "ba ya yi" kawai. Na Anka ɗin nan ma sake kunnawa kaɗai ya rage masa. 😅